Liftar da Ta Ratsa Ɗakin Umma

Ƙarar injin yankan kankare ba ta yi kama da komai da na taɓa ji ba. Guduma takan buga ta huta, shi kuwa kuka ne dogo, siriri, mai shiga har cikin haƙori. Da safiyar ranar da aka kunna shi a gidanmu na Anacha, ina tsaye a bakin ƙofar ɗakin Umma da makulli a hannuna, na toshe hanci da gefen mayafi. Farar ƙura ta turnuƙe ɗakin, sai kuma a cikin ƙurar na ji abin da ban zata ba: ƙamshin turaren wutarta. Shekaru rufin nan yana shan hayaƙin kaskonta, da aka tsaga shi sai ya dawo mana da shi gaba ɗaya. Na zauna a ƙasa a wurin, ban iya shiga ba, ban kuma iya tafiya ba.

Ku 'ya'yan Yaya Binta, dominku nake rubuta wannan babi. Kun tashi kuna jin cewa ƙanwar mahaifiyarku ce ta sa aka fasa ɗakin kakarku. Ba ƙarya aka yi muku ba, ni ce na miƙa makullin. Amma akwai abin da ya gabaci makullin, akwai kuma abin da ya biyo baya, wanda ni kaina ban sani ba sai da daɗewa. Na sha ɗaukar waya in gaya wa mahaifiyarku, bakina ya yi nauyi. Alƙalami ya fi mini sauƙi.

Kun san gidan, amma ba ku san shi yadda yake kafin lifta ba. Fili a Anacha ba ya miƙewa gefe, sai dai sama, don haka Baba ya gina hawa uku a kan ɗan wurin da ya samu a unguwar Hausawa. Ƙasa shaguna biyu ne da sito, kuma duk damina sai ruwa ya shigo ya gaishe su. Tsakiya namu ne, mu mata. Can ƙoli kuma turakar Baba, daidai saman ɗakin Umma, ta yadda daɓensa shi ne rufinta. Baba ya zo garin nan yana saurayi da gammo kawai. Dako ya yi a babbar kasuwa, buhun wake da na albasa daga bakin mota zuwa cikin layi, kafin Allah ya buɗa masa ya zama mai sayar da su. Har ya tsufa akwai wuri a tsakiyar kansa da gashi bai sake fitowa ba.

Ban taɓa jin ya kira sunan Umma ba, ban kuma taɓa ganinsu sun zauna kusa da juna a gabanmu ba. Abin da na sani shi ne sanda. In yana son shayi da hantsi, sai ya buga sandarsa a daɓe sau biyu. Umma na ƙasa sai ta ɗaga kai ta dubi rufi, ta ce mana, "Ku ji mai bene ya fara." Wani lokaci takan ɗauki muciya ta hau kujera ta rama bugun, don ya san ta ji. Hirarsu ke nan da muka sani.

Umma ta rasu a farkon damina, bayan jinyar da ba ta kai mako biyu ba. Muka yi shawara da Yaya Binta da Yaya Nasiru, babban wanmu da ke Fatakwal, cewa a bar ɗakinta yadda yake. Gadonta, kwallayenta na jere a cikin kabet, da sallayarta a kusurwar gabas inda gwiwoyinta suka sa tayil ya dushe. Ni ce auta, ni ce kuma na rage a gidan ina koyarwa a wata makarantar firamare, sai aka ba ni makullin. Duk Juma'a nakan buɗe in share, in sa turare, in rufe.

Watanni kaɗan bayan haka Baba ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Da magani da gashi ya dawo yana takawa da sanda a shimfiɗaɗɗen daɓe, maganarsa ta dawo a hankali, amma matakala ta gagare shi. Sai aka ce a riƙa sauko da shi ranar Juma'a. Yaya Nasiru ya shirya da wasu majiya ƙarfi huɗu daga kasuwa, aka ɗora Baba a kujerar roba, aka kama ƙafafunta. Ina biye da su da takalmansa a hannu. Matakalarmu ƙunci gare ta, kuma tana da kwana biyu. Ina jin nishinsu, ina jin na gaba yana cewa, "Ɗaga naka, ɗaga naka, to sauke kaɗan," irin kiran da suke yi wa juna in sun ɗauko injin niƙa. Ba su yi don wulaƙanci ba, harshen aikinsu ke nan. Amma Baba ya san wannan kira, ya fito daga ƙirjinsa shekara da shekaru. Na ga ya rufe ido tun daga kwanar farko. Da aka dawo da shi sama bayan salla, ya yi musu godiya, ya sa musu albarka, ya jira suka fita.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "kada a sake kiran bayin Allah nan."

"Baba, ai ba su gaji ba. Su da kansu suka ce lada suke nema."

"Na sani. Na ɗauki kaya a garin nan har kaina ya yi sanƙo. Ba zan ƙare a matsayin kaya ba."

Daga ranar bai sake sauka ba. Masallacin unguwa yana nan tsallaken layi, ana jin lasifikarsa sarai. Sai ya sa na juya masa kujera ta fuskanci taga. Abokansa tsofaffi suka yi ta hawowa gaishe shi, suna haki, har su ma gwiwa ta fara hana su. Mutumin da in ya zauna a ƙofar gida sai an yi layin gaisuwa, ya koma yana ƙirga baburan okada ta taga.

Yaya Binta ce ta kawo shawarar da kowa ya ga ita ce mafi sauƙi. Ta zo daga Inugu, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce tunda ƙasa ruwa na shiga, me zai hana a sauko da shi hawa na tsakiya, a gyara masa ɗakin Umma? Ko ba komai an rage rabin matakala, kuma yana kusa da ni. Baba ya ɗago ya dube ta kamar ta zage shi.

"Ɗakin mata? Da furfurata in tare a ɗakin uwarku, mutanen unguwa su shigo gaishe ni a can? Binta, ashe ba ki da hankali ban sani ba."

Ta ba shi haƙuri, muka sauko muna jin kunyar kanmu. Mun ɗauki maganarsa yadda ya faɗe ta. Mu da muka tashi a gidan da ake hira da sanda da muciya, ya kamata a ce mun fi haka sanin yadda ake sauraro.

Yaya Nasiru ne ya zo da zancen lifta. Ya ga irinta a gidan wani a Fatakwal, ƙarama, mai ɗaukar mutum biyu, da batirin da zai sauko da ita ko an ɗauke wuta. Ya turo mana mai haɗawa, Oga Yohanna, mutumin kudancin Kaduna, dogo, mai dariya da dukan jikinsa. Ya zo da tef ɗin awo da wani littafi mai baƙin bango. Ya zagaya gidan ciki da waje, ya ƙwanƙwasa bango yana saurare, ya daɗe a ɗan filin da ke bayan gida inda muke shanya. Sannan ya hau wurin Baba.

"Baba Alhaji, ina wuni? An ce kai ne ka ƙi saukowa, gari ya tsaya cak."

"Lafiya lau. Kai ne mai akwatin da ke hawa da mutane? In ya maƙale da ni a tsakiya fa?"

"Sai ka yi ta tasbihi har in zo daga Fatakwal. Ai lada ne."

Baba ya yi dariya, karo na farko da na ji tun rasuwar Umma. Ya ce in je in dafa wa baƙo shayi, mai kayan ƙamshi, kada in yi gaggawa. Na sauka. Da na dawo da tire na tarar Oga Yohanna yana duban littafinsa, dariyar nan ta bar fuskarsa. Ya sha shayin, sannan ya yi mini bayani ba tare da ya dube ni sosai ba. Ya ce a irin wannan gida hanya biyu ce: ko a gina wa liftar rami a waje a manna shi da bango, ko a fasa daɓe a bi ta ciki. Ya ce waje ba zai yiwu ba, filin ya yi kaɗan, kuma ƙasar wurin ruwa ne a ƙarƙashinta. Ta ciki kuwa wuri ɗaya ne tak babu ginshiƙi: daga kusurwar turakar Baba, ta ratsa kusurwar gabas ta ɗakin Umma, ta sauka a sito.

Da Yaya Binta ta ji, washegari ta hau motar farko. Muka taru a gaban Baba, Yaya Nasiru yana kan waya an ƙara murya. Ba ta ɗaga harshe ba, a gaban Baba ba a yi.

"Baba, wurin sallarta ne. Ko shekara biyu ba ta yi ba. Abin da ya rage mana ke nan da za mu shiga mu ji kamar ta fita unguwa ne."

Yaya Nasiru ya ce mai rai ya fi ɗaki. Ta ce shi da ba ya zuwa sai da salla, ba shi da bakin magana a kan ɗakin. Suka fara, sai Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya.

"Ni ban roƙi kowa komai ba. Ɗakin uwarku ne, ba nawa ba. Makulli yana hannun Uwata. Abin da ta ce, shi ke nan."

Ya juya fuskarsa ga taga. Na ji kamar an ɗora mini buhu ba gammo.

Kwana tara na yi da makullin a ɗaure a bakin zanena. Yaya Binta na kira kullum, tana tuna mini yadda Umma ke zama a kusurwar nan bayan la'asar tana jan carbi, hasken taga a kan ƙafafunta. Ba sai ta tuna mini ba. Ni ce nake tsefe mata kai a wurin. Nakan shiga in zauna a gefen sallayar, in sa tafin hannu a inda tayil ya dushe, in ce a raina ba zan iya ba. A rana ta tara, Asabar ce ba makaranta, ina zaune a ɗakin da hantsi, sai na ji sanda a rufi. Bugu ɗaya. Na ɗaga kai ina jiran na biyu, bai zo ba. Na san ba ni yake kira ba, don ni da waya yake kirana, kuma shayinsa na riga na kai. Hannunsa ne ya manta, ya tuna a tsakiyar hanya. Na daɗe ina kallon rufin. A lokacin abin da na fahimta shi ne kaɗaici zai kashe shi a saman nan, kuma sallaya ba ta jin kaɗaici. Na naɗe ta, na kira Oga Yohanna.

Roƙo ɗaya na yi masa. Na ce tunda za a yi ƙofa a hawa na tsakiya don in riƙa kai abinci, to a buɗe ta ta wajen baranda, a toshe ɓangaren ɗakin da bulo, abin da ya saura na Umma ya zauna a rufe. Ya sosa ƙeya, ya ce ƙarafan da akwatin ke bi ba za su bari ba, dole ƙofar ta kalli cikin ɗaki. Ban san aikinsu ba, na yarda.

Mahaifiyarku ta zo kwana biyu kafin a fara. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta kwashe kwallayen, ta naɗe labulen, ta karɓi sallayar daga hannuna ta sa a jakarta. Gado da kabet da kujerar Umma kawai ta bari, don ba su shiga mota. A bakin matakala ta tsaya.

"Hadiza, an ba ki amana kin sayar da ita saboda akwatin ƙarfe. Allah ya ba ki lafiyar hawa."

Shekara huɗu ba ta sake kwana a gidan ba. Takan zo ta gaida Baba ta juya a ranar, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa shiga liftar ba. Da cikin autanku, wata takwas, ta matakala ta hau, tana dafa bango.

Aikin ya ci makonni. Aka tokare rufi da ƙarafa, aka yanke kankare murabba'i a sama da ƙasa, aka haƙa rami a sito aka yi ta kwashe ruwa da bokiti. Akwai kwanakin da in na tsaya a ɗakin Umma ina iya ganin ƙafafun Baba ta ramin, yana zaune a bakin gadonsa, ya leƙo yana kallon masu aiki. Haka na zata, masu aiki yake kallo.

Ranar da aka gama Juma'a ce. Na sa masa babbar riga fara, na ɗaura masa agogo. Ya shiga da sandarsa, ya ce ba ya son rakiya, shi kaɗai zai sauka. Na ruga ta matakala na riga shi. Ƙofar ta buɗe a sito, ya fito a tsaye da ƙafafunsa, ya ratsa tsakanin buhuna zuwa hasken titi. Mama Nkechi, mai hayar shagonmu na dama, ta saki mudun garin da ke hannunta, ta kira sunan Allah da yarensu, tana shela da Turancin kasuwa cewa Alhaji ya sauko da ƙafarsa.

"Alhaji don come down o! Chineke! Alhaji, na your leg be this?"

"Na my leg, Madam. You think say I don die?" in ji Baba, yana tambayarta ko ta zaci ya mutu ne.

Layin ya ɗauka. Mahauta suka taso, masu canji suka bar benci, tsofaffin abokansa suka kewaye shi ana ta "Barka da arziki, Alhaji, barka da fitowa." Ya tsallaka masallaci a tsakiyarsu, a hankali, ba wanda ya riƙe shi. Na tsaya a bakin sito ina kuka, ban sani ba ko na murna ne ko na ɗakin da ke sama da kaina mai rami a kusurwa.

Shekara huɗu Baba ya yi yana sauka da kansa. A cikinsu akwai abin da na lura da shi na kawar da kai. Mama Nkechi ce ta fara tsokana, wai liftarmu barci take a hanya, don takan ji tashinta tun hantsi amma Alhaji ba ya fitowa sai an kusa azahar. Na kira Oga Yohanna, ya ce inji lafiyarsa ƙalau. Sai wata rana na dawo daga makaranta da wuri, na ga kujerar Umma ta matsa daga jikin bango zuwa gaban taga, ga kuma alamar gindin sanda a kan ƙurar daɓe. Na mayar da ita. Washegari ta sake matsawa. Daga nan na bar ta a inda yake so, na riƙa sa turare kullum maimakon Juma'a kawai. Bai ce ba, ban ce ba. Na ɗauka tunda hanya ta bi ta nan ne ya ga dama ya riƙa yada zango, kamar wanda ruwa ya tare a rumfar da ya sani. Har na ji sanyi a raina cewa ɓarnar da na yi ta haifi wani abu.

Baba ya rasu da rana, bayan ya dawo daga azahar. A kujerar nan na same shi, carbi a cinya. Mahaifiyarku ta zo, muka yi zaman makoki a ɗaki ɗaya, muka yi kuka a kafaɗar juna, amma zancen kusurwar gabas yana nan tsakaninmu har yau, ba mu taɓa shi ba.

Bayan shekara biyu da rasuwarsa liftar ta fara ƙara, na kira Oga Yohanna. Ya zo, furfura ta fito masa a gemu. Ya gyara abin da zai gyara, na kawo masa shayi a hawa na tsakiya. Ya tsaya a ƙofar liftar yana duban kujerar da ke gaban taga, sannan ya zaro littafin nan mai baƙin bango daga jakarsa, ya yi ta buɗawa har ya kai wani shafi.

"Malama Hadiza, akwai kayan da na daɗe ina ɗauke da su. Ya ce kada in sauke yana raye. Bayan ya tafi kuma na rasa ta inda zan fara."

Zanen gidanmu ne, da layi biyu. Ɗaya ya bi ta ciki. Ɗayan ya bi ta bayan gida, kuma shi aka yi wa alamar dacewa.

"Ranar da ya aike ki dafa shayi, na nuna masa wannan. Na ce Baba Alhaji, an yi sa'a, ba za a taɓa ɗakin kowa ba. Sai ya riƙe hannuna. Ya ce matakala goma sha huɗu ce tsakaninsa da ɗakin nan, ya fi shekara bai ga cikinsa ba, kuma ba shi da bakin da zai ce wa 'ya'yansa su kai shi. Ya ce in ce muku waje ba zai yiwu ba, ƙofar kuma ta kalli ciki. Na ce masa yaran za su yi rigima, wani zai sha zargi. Ya ce ya sani. Ya ce shi tsohon ɗan dako ne, in ya dubi wuya ya san wanda zai iya."

Na tambaye shi ruwan da ya ce yana ƙarƙashin filin. Ya girgiza kai, ya sa yatsa a kan lambobin da ya rubuta da hannunsa a wancan yammacin. Ƙasar bayan gidanmu busasshiya ce, mai tauri. Filin kuma ya isa, har da rarar taku biyu.